Yadda zaka ɗaukaka ƙara idan VA ta ƙi biyanka kuɗin ciwon damuwa

Wannan na 'yan'uwanmu ne da suka yi aikin soja a Amurka suka fita, suka nemi kuɗin nakasa a VA, wato ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, saboda ciwon damuwa ko firgicin da ke bin mutum bayan yaƙi, sai wasiƙa ta zo an ƙi, ko kuma an basu kashi 30 alhali mutum ko aiki baya iya riƙewa. Ba zan tsaya kan yadda ake cike fom na farko ba, tunda har an ƙi ka ai ka wuce nan.

Abu na farko duba kwanan watan da ke kan wasiƙar. Shekara ɗaya gareka daga wannan ranar. Na ga wanda ya jefa tasa a durowa don baƙin ciki, kuma ciwon nan dama haka yake, buɗe ambulan ma sai ya zame maka aiki, bai waiwayeta ba sai da shekara ta wuce. Zai iya sake nema amma kuɗin baya da za a lissafa masa tun ranar da ya fara nema sun tafi. Sa ranar a waya, ka gaya wa matarka ko wani aboki ya riƙa tuna maka.

Sai ka karanta dalilin da suka bayar. Abu uku suke nema: likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu, akwai abin da ya same ka lokacin kana aiki, sannan akwai abin da ya haɗa biyun. Wasiƙar tana faɗin abin da suka yarda da shi da wanda ya rage, toh wanda ya rage shi kaɗai zaka bi, kar ka ɓata wata uku kana tara takardun abin da an riga an yarda maka. Ka nemi rahoton likitan da ya gwada ka, gwajin da suke kira C&P. Ana neman fayil da fom 20-10206 amma yana daɗewa, ni dai shawarata ka je wurin wakilin DAV ko VFW ko American Legion, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne, kyauta ne, ka sa hannu a fom 21-22, su suna iya leƙa fayil ɗinka a kwamfuta.

Tun Fabrairu 2019 hanya uku ce. In kana da sabuwar hujja, fom 20-0995. In kana ganin hujjar na cikin fayil kuskure aka yi wajen karantawa, fom 20-0996, wani babban ma'aikaci ya sake dubawa, kuma kana iya neman ya kira ka a waya, amma fa a nan ba a karɓar sabuwar takarda ko ɗaya, mutane da yawa sun tura wasiƙar likita ta wannan hanyar ba wanda ya kalleta. Ta uku alƙali ne, fom 10182. Ga mai ciwon damuwa ni kullum 20-0995 nake cewa a fara da shi, don kusan ko yaushe akwai abin da ba a faɗa ba a karon farko.

Wanda ba a faɗa ba ɗin nan shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Ranar gwajina likita ya tambaye ni ya nake, na ce lafiya lau Alhamdulillah. Ya barci, na ce da godiya. Ya iyali, suna lafiya. Na yi wanka na sa kaya masu guga na je ina murmushi, alhali kwana huɗu kafin nan ban fita daga ɗaki ba. Mutumin bai yi min laifi ba, abin da na faɗa ya rubuta. Mu haka aka raine mu, gaisuwa ba a amsata da ƙorafi, namiji baya kai kuka wurin baƙo, ga kunya ga tsoron kar a ce ka kasa haƙuri da ƙaddara, kuma soja ya ƙara koya maka haɗiye ciwo. Amma a ɗakin nan tambayar ba gaisuwa bace wallahi, tun daga ita aka fara rubutu.

Ka gane yadda suke auna abin. Ciwon ƙwaƙwalwa matakinsa 0, 10, 30, 50, 70 ko 100 ne, kuma ba sunan ciwon suke biya ba, yadda ya hana ka aiki da zama da mutane suke dubawa. Ko kana da damuwa da fargaba da firgici duka uku, maki ɗaya za a baka. A 30 ake maganar ƙunci da rashin barci da 'yar mantuwa. A 50 akwai faɗuwar gaba mai tsanani fiye da sau ɗaya a sati da wahalar riƙe hulɗa a wurin aiki. A 70 akwai tunanin kashe kai, barin wanka da tsafta, saurin fushi da baka iya riƙewa, damuwar da kusan bata ɗagawa. Don haka in an sake kiranka gwaji ka faɗi yadda mafi munin ranakunka suke da sau nawa suke zuwa a wata. Kar ka ce barci na min wuya kawai, ka ce awa nawa kake samu, aiki nawa ka bari, yaushe rabonka da zuwa masallacin Juma'a saboda baka son cunkoso. Rubuta a takarda tun a gida ka tafi da ita don kai yana ɗaukewa a wurin. Kuma dan Allah kar ka ƙara gishiri, suna da bayanan asibitinka, in magana ta saɓa kai zata cuta.

Maganar tunanin kashe kai na san tana da nauyi a bakinmu saboda addini. In yana zuwa maka ka faɗa wa likita, kuma kar ka jira wani gwaji, kira 988 ka danna 1, layin tsofaffin sojoji ne dare da rana.

Hujjar da zaka haɗa da fom ɗin: wasiƙar likitan da ke duba ka wadda suke kira nexus, ya rubuta cewa yiwuwar aikin soja ne ya jawo ciwon ta kai kashi 50 ko fiye, kuma ya faɗi dalili, layi biyu ba dalili basa aiki. In baka taɓa zuwa asibiti kan damuwa lokacin kana aiki ba, duba ko ciwon baya ko gwiwa ko ƙarar kunne da VA ta riga ta amince maka shi ya jefa ka ciki, wannan ma hanya ce karɓaɓɓiya. Sannan matarka ko wanda kuka yi aiki tare ya rubuta abin da ya gani da idonsa a fom 21-10210. Ta matata ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba, don ita ke ganin daren. In ciwon ya hana ka aiki gaba ɗaya tambayi wakilinka kan fom 21-8940.

Batun kuɗi, akwai kamfanoni a intanet da zasu ce ka basu kuɗin wata biyar su gyara maka, rabu da su. Lauya in zaka ɗauka ya zama wanda VA ta tantance, yawanci kashi 20 na kuɗin baya suke karɓa in an ci.

In an sake ƙi, kana da wata shekarar ka canza hanya ba tare da ka rasa ranarka ta farko ba. A wurin alƙali zaka zaɓi ya duba fayil kawai, ko ka ƙara hujja cikin kwana 90, ko a zauna a saurare ka, wannan na ƙarshen shi ya fi daɗewa sosai. In nan ma bai yi ba akwai kotun ƙararrakin tsofaffin sojoji, kwana 120 kawai gareka ka shigar, kuma a nan kam nemi lauya.