Yadda Nake Aiki da Kyamarar Horizon 202 a Argungu

Horizon 202 ƙirar Rasha ce, tana cin fim na milimita 35, amma idonta, wato gilashin da ke ɗaukar hoton, juyawa yake yi daga gefe zuwa gefe har ya kwashe faɗin digiri 120. Tsawon kowane hoto milimita 58 ne, don haka fim mai hoto 36 wajen 22 kawai zai ba ka. Yi wannan lissafi kafin ka nufi kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi.

Babban abin kiyayewa shi ne daidaito. Akwai ɗan ma'aunin ruwa mai kumfa a ciki a samanta. Sai kumfar ta zauna tsakiya sannan ka danna. In ka ɗaga ta ko ka sunkuyar ko kaɗan, kogin zai fito a lanƙwashe kamar baka. Wasu suna son haka, ni dai ba ya burge ni. Ka ɗaura mariƙinta na ƙasa ka riƙe ta nan, in ba haka ba yatsunka za su shiga hoton. Rana kuma ta kasance a bayanka.

Ƙurar hunturu ita ce babbar maƙiyiyarta. In ta shiga haƙoran da ke juya idon, sai juyin ya riƙa sarƙewa, hoto ya fito da layi-layi a tsaye. Da ka gama, mayar da ita jaka ka zuge. Kada ka ɗiga mata man keken ɗinki, kai ta wurin mai gyara.

Fim ba ya son zafin Afrilu, kada ka bar shi cikin mota. Mai wankin hoto kuma ka ja masa kunne kada ya yanka fim ɗin, domin injinsa bai san wannan tsawon ba.