Yadda ake haɗa sandar giya ta ƙasa a tsohuwar a-kori-kura bayan sauya giyabos

Da yawa daga cikin tsofaffin a-kori-kura irin su Chevrolet C10 da Ford F-100 sun fito ne da sandar giya a jikin sitiyari, giya uku da ribas. Idan aka sauya giyabos, sau da yawa wannan tsarin yakan tashi aiki, dole sandar ta koma ƙasa, a daben mota. Inda za ta ɓullo kuwa, giyabos da kujera ne ke yanke hukunci. Don haka awo ne farko, saye na biyu, yankan daben mota a ƙarshe.

Fara da gane irin giyabos ɗinka. SM465 da NV3500 sandarsu daga saman giyabos take fitowa, wurinta ba ya canzuwa, sai dai a lanƙwasa sandar. Muncie da Saginaw kuwa da sandunan ƙarfe ake sarrafa su daga gefe, suna buƙatar na'urar sauya giya ta waje irin ta kamfanin Hurst, tare da farantin ɗaurawa da sandunan da aka yi domin wannan giyabos ɗin takamaimai. Idan wadda aka taɓa amfani da ita za ka saya, a haɗo maka da farantin da sandunan, domin nemo su daban ya fi nemo na'urar wuya.

Giyabos T5 ce ta fi rikita mutane. Wadda aka ciro daga motar Camaro ko Mustang, sandarta can baya take, a a-kori-kura mai doguwar kujera sai ta faɗo ƙarƙashin mazauni. Ta Chevrolet S10 tana gaba sosai, shi ya sa ake cire murfin wutsiyarta a ɗora wa ɗayar. Sai dai ba murfin kaɗai ake sauyawa ba: sandar zaɓen giya ta ciki dole ta yi daidai da tsawon sabon murfin, wurin zaman haƙorin ma'aunin gudu ma ya bambanta. Tsofaffin S10 na kebur ne, na baya-baya na lantarki, ka duba wanda agogon motarka ke karɓa. Giyabos Tremec TKX ta zo da wurare fiye da ɗaya na ɗora sanda, mai hali ya huta da wannan wahalar.

Kada ka taɓa daben sai injin da giyabos sun zauna daram a kan ƙarfen da ke tallafe su, an kuma daidaita kusurwar farfela. Ɗaga wutsiyar giyabos ko da inci ɗaya yana canza inda sandar za ta tsaya. Daga ƙarƙashin motar, ka yi alamar tsakiyar wurin, ka huda ƙaramin rami da dirila, ka leƙa ta ciki ka tabbatar, sannan ka faɗaɗa kaɗan-kaɗan. Bar sarari kamar inci ɗaya a kowane gefe, saboda injin yana karkacewa idan aka taka mai. In ramin ya matse, sandar za ta riƙa bugun ƙarfe, wani lokaci har ta fitar da giya. Wasu C10 ɗin tudun dabensu gajere ne, babbar giyabos ba ta shiga sai an sa murfi mai tsayi irin na masu giya huɗu.

Sannan ka mayar da kujerar, ka turo ta gaba iyakarta. Gwada giya ta biyu da ta huɗu, su ne ke komawa baya su daki kujera. Ta ɗaya da ta uku da ta biyar kuma ka ga ko hannu yana gogar dashbod. Zai fi kyau ka lanƙwasa waya mai kauri ta zama samfuri kafin ka taɓa sandar gaske. In za a lanƙwasa ta, a kwance ta daga na'urar tukuna, domin zafi yana narkar da robobin ciki. A gasa wurin har ya yi ja, a tanƙwara a hankali, a bar shi ya huce da kansa ba tare da ruwa ba. Ƙyallin wurin zai ƙone, wannan ba makawa. Doguwar sanda tana da sauƙin kamawa, amma tafiyarta tsakanin giya da giya tana ƙaruwa.

Saitin Hurst a firi ake yinsa. Sa dukkan hannuwan giyabos a firi, ka zura ƙusa ko bakin dirila mai kaurin kwatan inci ta ramin da ke ratsa hannuwan na'urar, sannan ka murɗa kan kowace sandar ƙarfe da ke haɗa na'urar da giyabos har ta shiga raminta ba tilas. In ka tilasta ɗaya, sandar za ta riƙa cijewa wajen tsallakawa daga ta biyu zuwa ta uku. Zare ƙusar, ka saita notocin tsayarwa yadda ba za a danna giya fiye da ƙima ba.

Idan atomatik ce, sandar giyabos TH350 mai giya uku ba lallai ta kai duk matakan 700R4 mai huɗu ba, kamfanonin Lokar da B&M suna da ta kowacce. Nesanta kebur ɗin da salansa, zafi yana sa shi ƙagewa. Makunnin da ke hana mota tashi cikin giya da na fitilar ribas galibi a jikin sitiyari suke a da, dole a maido wayoyinsu kan sabon tsarin. Gwada da ƙafa a kan birki: kada injin ya tashi sai a fakin ko a firi.