Kurakuran da ake yi wajen rufe kesin ƙaramin inji

An sauke ƙaramin janaretan nan na Tiger 950, an sa sabon fistin da ringi, kwana biyu ya fara ƙara gudu da kansa, ya ɗau zafi, ya buga. Sai a ɗora wa kafireto laifi, alhali sau da yawa ɓarnar tana wajen rufe kesin, wato kwanon da karanshaf ke kwance a ciki.

A injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin wannan janaretan, sai gaurayen ya bi ta cikin kesin kafin ya hau kan fistin. Kafa komai ƙanƙantarta iska za ta kutsa, mai ya yi ƙaranci, fistin ya bushe.

Babban kuskure shi ne lafta gam ɗin silikon kamar ana yaɓen ɗaki. Fetur yana kumbura shi ya lalata shi. A inji mai kwanon baƙin mai daban, irin na babur, abin da ya matso ta ciki yakan gutsure ya toshe rariyar mai. Inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, a nemi gam irin ThreeBond 1184 ko Loctite 518, a shafa siriri. Inda kamfani ya sa gaskit kuwa, a mayar da gaskit sabo. Masu yanka kwalin sabulu su sani, a wasu injinan kaurin gaskit ne ke ba karanshaf ɗan wurin motsi. In ya yi siriri ya ɗaure, in ya yi kauri ya yi lilo.

Kankare tsohon gaskit da sukudireba ma ɓarna ce. Alminiyam ba shi da tauri, zane ɗaya ya isa hanyar yoyo. A kankare da roba mai kaifi, a goge fuskokin biyu su bushe ƙarau, don gam ba ya kama maiƙo.

Sil ɗin karanshaf fa, wato zoben robar da ke hana yoyo inda karanshaf ya fito daga kesin? Wanda aka cire ba ya komawa, kuɗinsa bai kai wahalar sake buɗe inji ba. Gefen da sifirin yake shi ke kallon ciki. A shafa wa leɓensa mai, a naɗe ramin ki, wato tsagar da ke jikin karanshaf, da salatif kada ya yanke shi, sannan a tura shi daidai da soket, ba da bakin guduma ba.

Kada a manta ƙananan fil ɗin da ke daidaita marfi. Ƙusoshi kuma a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. A Honda GX160 na injin ban ruwa, ƙusoshin marfin niyuton-mita 24 suke so, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Ƙarfin damtse ya wuce haka, zare ya cinye.

Kafin a mayar da injin da ake gauraya wa mai, a toshe bakin kafireto da na salansa, a hura iska kamar rabin bar a ma'aunin matsin iska, a yayyafa ruwan sabulu a mahaɗa da kan sil. Inda kumfa ta taso, nan ne za a sake buɗewa.