Shuka Lemun Tsami Daga Ƙwayarsa a Tsakar Gida

Ka yanka lemun tsami da ya nuna sosai, ka ciro ƙwayoyin, ka wanke santsinsu. Wadda ta taso saman ruwa, yar da ita. Kada ka shanya sauran! Ƙwayar lemo in ta bushe da wuya ta tsiro, kuma nan ne yawancinmu ke yin kuskure. A ranar ka shuka.

Ka cakuɗa ƙasa da yashin kogin Binuwai da takin shanu da ya ruɓe, ka zuba a leda mai huji a gindi. Zurfin santimita 1 ya isa.

Ka ajiye ƙarƙashin dalbejiya, don ranar Maris da Afrilu a garin Garwa na arewacin Kamaru kan wuce digiri 40, tana ƙone ɗanyen tsiro. Yayyafi kullum, ban da jiƙawa sharkaf. Cikin mako 2 zuwa 4 zai leƙo. Wani lokaci ƙwaya ɗaya ta fito da tsiro biyu. Bar mai ƙarfin.

Idan ya kai kamu biyu, dasa shi da damina ta zauna, ka kewaye da ƙaya saboda awaki. 'Ya'ya kuwa sai bayan shekaru, shi ya sa nake fifita lemun tsami kan lemun zaƙi, wanda ya fi jinkiri in ba a yi masa aure ba, wato ɗaura reshen bishiyar da ke 'ya'ya a jikin ƙaramin tsiro.