Yadda Ake Zaɓar Daɓen Kankare Mai Sheƙi Domin Falo da Ɗakunan Zama

Mai gina gida a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maraɗi, idan aka zo maganar ƙasan falo, tayil ne ke fara faɗo masa a rai, domin shi ya cika kasuwa kuma shi kowane magini ya saba da shi. Sai dai akwai wata hanya da ta cancanci a dube ta, wato a bar kankaren da aka zuba a ƙasan ɗaki ya zama shi ne daɓen, a gurje shi da inji, a taurara shi da sinadari, sannan a goge shi har ya yi sheƙi. Wannan daɓe yana da kyau da ƙarko, amma ya bambanta da tayil ta fuska guda mai muhimmanci: tayil ana iya zaɓarsa bayan an gama gini, kuma yana rufe duk wani aibu da ke ƙarƙashinsa, shi kuwa kankare mai sheƙi ba ya ɓoye komai. Abin da aka yi ranar zuba shi, shi za a riƙa takawa ana gani shekara da shekaru, saboda haka tun kafin a kawo tirelar yashi ya kamata a yanke shawara.

Da farko ya kamata mai gida ya san ainihin abin da yake nema, domin akwai ayyuka da ke kama da shi waɗanda ba shi ba ne. Daɓen simintin da aka sani a gidajen haya, wanda ake barbaɗa garin siminti a kan ɗanyen shafe a lailaye shi da cokalin gini, fata ce siririya da ke ɓarewa bayan 'yan shekaru. Fentin roba mai kauri da ake malalawa a ƙasa shi ma rufi ne kawai, yana karcewa, kuma yana tashi idan damshi ya taso masa daga ƙasa. Wanda ya fi kusa da shi shi ne tarazo, wanda har yau ake gani a tsofaffin asibitoci da makarantu da gidajen gwamnati bai lalace ba, sai dai shi tarazo shimfiɗa ce ta daban da ake yi a kan kankare da zaɓaɓɓun duwatsu. A kankare mai sheƙi, jikin kankaren ne da kansa ake mayarwa mai santsi da tauri, kamar yadda mata ke yi a daɓen gargajiya idan suka daddaɓe tsakuwa da madaɓi suka shayar da ita ruwan makuba.

Ga yanayinmu, amfaninsa a bayyane yake. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, daɓen da rana ba ta dukansa kai tsaye yana riƙe sanyi a tafin ƙafa. Ba shi da layukan da ke tsakanin tayil inda ƙurar hunturu ke maƙalewa ta yi baƙi, ba ya yin ƙwanƙwasa ko ya fashe saboda an bar rami a ƙarƙashinsa, kuma idan falo babba ne yana ƙara masa fili a ido. Amma dole a faɗi ɗaya ɓangaren. A Disamba da Janairu yana da sanyi sosai, musamman a gari irin Jos, kuma gidan da ake zama a ƙasa a ci abinci, ko akwai dattijai masu ciwon gwiwa, sai an tanadi darduma ko kafet a inda ake zama. Yana da amsa kuwwa idan ɗakin babu labule da kujeru. Idan ya bushe santsinsa bai fi na tayil ba, amma idan ruwa ya zuba a kai, ko wani ya shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, ana iya zamewa. Don haka falo, ɗakin cin abinci da hanyar da ke tsakanin ɗakuna su ne mazauninsa. Banɗaki kuwa a bar wa tayil mai kaushi. Haka kuma launinsa ba ya zama bai ɗaya, wani wuri ya ɗan yi duhu wani ya yi haske, kuma ƙananan tsagewa kamar gashi suna iya bayyana ko da an yi aiki mai kyau. Wanda zuciyarsa ba za ta jure ganin haka ba, gara ya tsaya ga tayil tun da wuri.

Aikin yana farawa ne daga ƙasa. Jar ƙasar da ake cike harsashi da ita a riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 a kowane zubi, a yayyafa ruwa a danne da inji kafin a ƙara wata, domin cikon da aka juye gaba ɗaya yana lotsawa daga baya, kankaren da ke kansa kuma ya tsage. A sa maganin gara, a gama duk wani aikin bututun ruwa da na waya da zai bi ta ƙasa, domin duk inda aka fasa aka toshe daga baya tabonsa ba zai ɓace ba. Sannan a shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora bakin kowace a kan 'yar'uwarta a liƙe, a kula kada leburori su huda ta. Wannan leda ita ce ke hana damshin damina tasowa, wanda in ya taso yakan bar farin gishiri a saman daɓe ya dusar da sheƙinsa. Kaurin kankaren kada ya gaza santimita 10, kuma a sa ragar ƙarfe a ɗaga ta a kan 'yan duwatsu yadda za ta zauna cikin kankaren, kada ta kwanta a kan leda.

Wajen kwaɓi ne aka fi yin asara. Kankaren ƙasa da aka saba zubawa, wanda magina ke kira jaman fulo, ana yin sa ne da tunanin cewa za a rufe shi, shi ya sa ake rage masa siminti a cika masa ruwa. Irin wannan idan injin gurza ya hau kansa, tsakuwar ce ke ɓallewa ta bar ramuka. Buhun siminti mai kilo 50 daidai yake da kwanon gini biyu, kuma kwaɓin da aka fi sani shi ne buhu ɗaya ga kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Ga daɓen da za a goge, na fi son a matsa zuwa kwano 3 na yashi da 6 na tsakuwa, a kuma yi amfani da siminti mai lamba 42.5 da ke rubuce a jikin buhu. Ruwa kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗauka, kuma a nan ne mai gida ko injiniyansa zai tsaya da ƙafarsa, domin ruwan da ya yi yawa yana raunana kankare ya kuma ƙara masa tsagewa. Yashi ya zama mai tsabta marar laka. Siminti da yashi da tsakuwa su fito daga wuri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin idan aka fara da simintin wani kamfani aka ƙarasa da na wani, bambancin launin zai fito a tsakiyar falo. A kwaɓa da inji, a zuba kowane ɗaki a rana guda ba tare da yankewa ba, a bi shi da injin girgiza don iska ta fita, sannan a baje shi ya daidaita sosai, saboda tudu da kwari suna sa tsakuwa ta fito a wani wuri ta ɓuya a wani.

Lokacin zubawa ma abin lura ne. Zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu suna shanye ruwan saman kankare kafin ya kama, sai ya yi tsattsage tun a ranar farko. A zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhunan algarara, a ci gaba da ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Kankare yana kai ƙarfin da ake auna shi da shi ne bayan kwana 28, kuma yawanci sai bayan nan ake fara gogewa. Tun da kankare yana ɗan tsukewa yayin bushewa, ana yanka masa layuka da zarto cikin yini guda bayan zubawa, zurfinsu kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, tazararsu kamar mita 3 ga kankare mai santimita 10, don tsagewar ta bi ta cikinsu maimakon ta ratsa inda ta ga dama. A zauna da magini a tsara inda layukan za su bi, a daidaita su da bakin ƙofa da kusurwar bango, daga baya a cike su da abin toshi mai launin daɓen.

Akwai matsalar da ba a cika tunawa da ita ba, wato watannin da ke tsakanin zuba kankare da gama gini. Birkila zai so ya kwaɓa siminti a kansa, mai fenti zai ɗiga masa fenti, mai walda zai bar ƙarfe ya yi tsatsa, wani kuma ya ajiye janareta baƙin mai ya tsiyaya. Kankare yana shan mai ya shige ciki, kuma gurza ba ta cika fitar da shi duka ba. A rufe daɓen da falanki ko kwali mai kauri, a kuma shaida wa kowane ma'aikaci cewa abin da yake takawa shi ne ƙasan falon.

Gogewar kanta ana yin ta ne da faifai masu ƙwayoyin lu'u-lu'u, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kuma kowanne yana da lamba. Ana farawa da masu kaushi kamar 30 ko 40, a wuce 80 da 150, a toshe ƙananan ramuka, sannan a shafa sinadarin silikat wanda ke shiga cikin kankaren ya haɗu da farar ƙasar da ke jikinsa ya ƙara masa tauri ya hana shi fitar da gari. Bayan nan ake bi da 200, 400, 800, har 1500 ko 3000, a ƙarshe a sa abin da ke hana tabo shiga. Mai gida yana da zaɓi biyu a nan. Na farko shi ne zurfin gurza: ko a ɗan shafi sama kawai ya fito launin toka sumul, ko a ɗan zurfafa yashi da ƙananan tsakuwa su bayyana, ko a ci milimita da dama har manyan tsakuwa su fito kamar tarazo, wanda ya fi tsada kuma yana buƙatar a zaɓi tsakuwa mai kyau tun farko. Na biyu shi ne yawan sheƙi. A ganina, ga gidan da ke fama da ƙura, matsakaicin zurfi da sheƙin 400 zuwa 800 sun fi dacewa, domin suna ɓoye ƙananan aibu, alhali sheƙin 3000 yana nuna sawun kowace ƙafa kuma yana dallare ido idan falon na da manyan tagogi. Mai son launi zai iya sa garin launi a cikin kwaɓi, wanda ya fi rini na sama daɗewa.

Duk wannan ya rataya ne a kan ma'aikaci, kuma waɗanda suka ƙware a wannan aiki ba su kai masu ɗaura tayil yawa ba. Kada a gamsu da hotuna a waya. A je a ga aikin da ya yi wanda ya shekara ana takawa, a duba gefen bango da kusurwoyi, inda babban inji ba ya kaiwa sai da na hannu, domin a nan ake gane mai haƙuri. A nemi ya gwada murabba'in mita ɗaya a sito ko wani lungu, a amince da shi kafin ya shiga falo. A tambaye shi lambobin faifan da zai bi, a rubuta su cikin yarjejeniya tare da farashin kowane murabba'in mita, saboda mai son gaggawa yakan tsallake matakai ya shafa man sheƙi a kai, bayan wata uku ya dushe. A kuma daidaita wanda zai kawo janareta, tun da manyan injunan suna jan wuta sosai. Ƙurar kankare tana illa ga huhu, don haka ko a gurza da ruwa, ko da inji mai zuƙe ƙura, ma'aikata su rufe hanci, iyali kuma su nisanci wurin.

Wanda gidansa ya riga ya ginu, sai an ɗaga tayil an gwada kankaren da ke ƙasa. Idan yana da rauni, mafita ita ce a zuba sabon kankare na kimanin santimita 5 a kai, bayan an auna ko ƙofofi za su buɗe. Wani lokaci lissafin yakan nuna cewa tarazo ko sabon tayil ya fi sauƙi, kuma babu laifi a bi hakan.

Kula da shi ba wuya, amma yana da abokan gaba biyu: yashi da tsami. Yashin da ke shigowa da takalmi yana cinye sheƙi a hankali, saboda haka a sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a riƙa sharewa kullum da tsintsiya mai laushi, a goge da ruwa da ɗan sabulu marar kaifi. Lemon tsami, tsamiya, zoɓo da ruwan wanke banɗaki suna cin fuskar kankare, manja da shayi kuma suna barin tabo, don haka duk abin da ya zuba a goge shi nan take. A liƙa ƙyalle ko roba a ƙafafun kujeru da teburi. Idan bayan wasu shekaru hanyar da aka fi bi ta dushe, ba sai an fasa komai ba. Mai inji zai sake bin wurin da faifai masu laushi, ya sabunta abin hana tabo, a mayar da kujeru cikin kwana ɗaya ko biyu.