Darasi na Tara: Zama a Bakin Kogi da Kare Gida daga Ambaliya

Wanda bai san Jos ba yakan yi mamaki idan ya ji an ce ambaliya ta ci mutane a garin nan, domin abin da ya sani shi ne gari ne na kan tsauni, wanda bisansa ya kai kimanin mita 1,200 daga teku, kuma a ganinsa ruwa ba shi da wurin tsayawa a kan dutse. Mazauna Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo kuwa sun san cewa kowane tudu yana da kwarinsa, kuma duk ruwan da ya sauka a kan duwatsu a kwarin yake haɗuwa. A daren Lahadi, 22 ga Yulin 2012, a kwanakin farko na azumi, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwa ta Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwan ya biyo rafi ya afka wa unguwannin nan. Sama da mutum 30 ne suka rasu, gidaje kimanin 200 suka rushe ko suka lalace. Da yawa daga cikin ɗaliban wannan aji sun ga abin da idonsu, saboda haka darasin yau a kan rayuwarmu yake.

Ambaliya iri biyu ce

Akwai ambaliyar manyan koguna irin su Binuwai da Neja, wadda take zuwa a hankali, ruwa yana hawa kwana da kwanaki har ya shafe gonaki da garuruwa. Irin ta ce ta auku a 2012 da 2022, lokacin da ruwan damina ya haɗu da wanda aka sako daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, aka wayi gari Makurɗi da Lakwaja suna cikin ruwa, har hanyar Abuja zuwa Lakwaja ta yanke. A 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, a 2022 kuwa adadin ya haura 600. Duk da munin wannan ambaliya, takan ba mutum lokacin ɗaure kayansa idan ya ji gargaɗi ya kuma ɗauka.

Tamu ta Jos ba ta ba da wannan dama. Ƙasarmu dutse ce mai gangare, ba ta shan ruwa da yawa, kuma idan aka shiga Yuli da Agusta, watannin da ruwa ya fi yawa, ɗan abin da take iya sha ta riga ta ƙoshi da shi. Saboda haka ruwan da ya sauka a wajen duwatsun Shere yakan gangaro gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, rafin da yaro ya tsallake da la'asar ya zama abin da zai tafi da mota bayan sallar isha'i. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne, ana iya samun ambaliya a unguwar da yayyafi kawai aka yi, domin ruwan da ya yi ɓarnar can sama ya sauka. Kogin Dilimi da muke gani siriri da rani, masu lambu suna ban-ruwan karas da kabeji a gefensa, yana da faɗinsa na damina wanda yake komawa gare shi duk shekarar da ruwa ya yi yawa, ko da an gina gidaje a wurin.

Lissafin ruwan rufi ɗaya

Domin mu gane yawan ruwan da ake magana, mu yi ɗan lissafi, tun da lissafi yana cikin abin da ya kawo mu makaranta. Masu awon ruwan sama da milimita suke aunawa, kuma milimita 1 da ya sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 daidai yake da lita 1. Idan rufin kwanon gidanka yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, to lita 5,000 ne suka zubo ta indararonka, wato jarka 200 mai cin lita 25. Wannan na gida ɗaya ke nan. Sai ka ƙirga gidajen da suke saman naka a layinku, ka tuna cewa yawancinsu sun shafe tsakar gida da siminti, babu inda ruwan zai nutse, sai dai ya bi kwata ya zo ya wuce ta ƙofarka. Ruwa kuma yana da nauyi, domin lita 1,000 nauyinta kilo 1,000 ne, wato buhun siminti 20, kuma wannan nauyin ne yake dukan katanga a guje.

Aikin rani

Yawancin abin da yake tsare gida daga ambaliya da rani ake yin sa, lokacin da kwata ta bushe kuma ana iya shiga cikin rafi a yi aiki. Na farko shi ne yashe magudanai. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin kwalbatin unguwarsa a watan Maris ya san abin da yake ciki: ledar fiya wata, robobin lemo, tsummokara, tsohuwar katifa, da yashin da ya daskare a kansu har ya cinye rabin bakin kwalbatin. Kwalbatin da rabinsa ya toshe, idan ruwa ya taho da reshen itace ɗaya ya gitta a bakinsa, shara takan taru a jikin reshen cikin mintuna kaɗan, wurin ya zama madatsa, ruwan ya juya ya shiga gidajen da suke kusa. Ya kamata mai unguwa da limamai da shugabannin matasa su sa ranar aikin gayya kafin ruwan farko na Afrilu, a sake wani a ƙarshen Yuni. Abin da aka kwaso daga kwata kuma a kai shi nesa a ranar, domin kuskuren da aka saba yi shi ne a tara shi a bakin kwatar, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi, wahalar ta tashi a banza.

Sai kuma gaɓar kogi. Idan ka tsaya inda kogi ya yi kwana ka duba da kyau, za ka ga gefen waje na kwanar a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa, gefen ciki kuwa yashi ne kwance. Dalili shi ne ruwa ya fi gudu ta gefen waje, can yake cin ƙasa ta ƙarƙashi har gaɓar ta rufta, saboda haka gidan da yake wajen kwana ya fi na ko'ina shiga haɗari. Ana ƙarfafa irin wannan gaɓa da kwandon waya mai kauri da aka cika da duwatsu, a jera su hawa-hawa kamar matakala, kuma dutse ba abin da muke nema ba ne a Jos. Wannan ya fi katangar bulo ƙarko a bakin ruwa, domin ruwan da ya taru a bayansa yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsun, alhali katangar bulo da ba a bar mata ƙofofin fitar ruwa ba takan kumbura ta faɗi gaba ɗaya. A saman gaɓar a shuka jema ko gora, waɗanda saiwarsu take riƙe ƙasa, a kuma hana ɗibar yashi kusa da ƙafar gada da gindin gidaje.

Wani dattijo a ajin yamma ya taɓa ce mini, "Malam, ni na ja katanga ta dutse har cikin rafi, shekara uku ke nan ruwa bai shigo mini ba." Na ce masa, "Baba, to ina ruwan ya koma?" Ya yi shiru, sannan ya ce maƙwabcinsa na tsallake ne yake ta gyaran ɗaki kowace damina. Duk wanda ya matse hanyar ruwa ta gefensa, ya tura shi ne ga na tsallake da na ƙasa da shi, kuma da ƙarin ƙarfi. Shi ya sa aikin gaɓa na unguwa ne gaba ɗaya, a zauna da mutanen gefe biyu a yi shawara kafin a ɗora dutse ɗaya.

A cikin gida kuwa, ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Idan ruwa ya kwanta a jikin katangar ƙasa na wasu sa'o'i, tubalin ƙasa yakan jiƙe ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi, ɗaki ya faɗo ko bayan ruwan ya janye. Maganin wannan shi ne a yi wa gindin katanga dakali na dutse da siminti wanda ya kai gwiwa, a ɗaga dokin ƙofa, a kuma gyara tsakar gida ta yi gangare zuwa wajen rariya. Mai neman hayar ɗaki ko sayen fili a kwari ya duba jikin katangun maƙwabta, zai ga layin laka da ruwan bara ya bari, ya kuma tambayi tsofaffin unguwa inda ruwan 2012 ya tsaya. Na san cewa ba son rai ne ya kai yawancin mutane bakin kogi ba, arahar fili da haya ce, kuma mai cewa kowa ya tashi bai cika faɗin inda za a koma ba. Amma wanda gidansa yake cikin hanyar ruwan kanta, babu dakali ko buhun yashin da zai tsare shi.

Buhun yashi yana da amfani ga ruwan da bai wuce gwiwa ba. Kada a cika shi taf, a zuba masa rabi ko kashi biyu cikin uku, a naɗe bakin a ƙarƙashinsa, a jera kamar yadda magini yake jera bulo, na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa biyu, ana yi ana takawa da ƙafa har su zauna. Idan an shimfiɗa babbar leda ta gefen da ruwa zai zo, ya fi tarewa.

Daren da ruwa ya zo

A farkon kowace shekara hukumar NiMet mai lura da yanayi takan fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma takan bayyana ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya a cikinsu, ana kuma karanta su a rediyo da Hausa. Sai dai ga irin ambaliyarmu, gargaɗin da ya fi sauri a hannun unguwa yake. A kafa sanda mai ƙarfi kusa da gada, a shafa mata jan fenti a daidai inda ruwa yake fara shiga gidan da ya fi kowanne zama a kwari, a kuma sa mutum biyu ko uku masu tocila su riƙa duba ta duk daren da hadari ya haɗu a gabas. A karɓi lambar wayar wani da yake zaune can saman rafin domin ya kira idan ruwa ya kece a wajensu, a kuma yarda tun da wuri cewa lasifikar masallaci ko ƙararrawar coci mafi kusa ita za ta tashi jama'a. Idan ruwan rafi ya rikiɗe ya yi ja da laka, yana ɗauke da rassa da shara, ana kuma jin rugugi daga sama, lokacin fita ya yi ko da bai kai jan fenti ba.

Takardar fili, katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara da takardun makaranta a sa su cikin leda biyu, a zuba a bokiti mai murfi, a rataye kusa da ƙofa tun farkon damina. Idan an tashi fita a kashe wutar lantarki daga babban makunni, a fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya zuwa tudun da aka riga aka zaɓa, a kwance dabbobi. Mutane da yawa da ruwa ya ci sun riga sun fita, komawa suka yi ɗauko talabijin ko buhun masara. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, na santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci, balle babur. Gadar da ruwa ya rufe ba a hawa ta, domin ba ka ganin ko rabinta ya riga ya tafi. Wanda ya ga ruwa ya ja wani ya miƙa masa igiya ko doguwar gora daga kan tudu, ya kira lambar gaggawa ta 112, kada ya faɗa ciki, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ya nutse da mai ceton nasa.

Bayan ruwa ya janye

Ruwan ambaliya yakan bi ta masai ya shiga rijiya, daga nan amai da gudawa suke tasowa. Kada a sha ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ta an sa mata magani, kafin nan a tafasa ruwan sha ya yi aƙalla minti 1 yana tafarfasa. Idan gudawa ta kama wani, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kan hanyar zuwa asibiti. Ɗakin ƙasa da ruwa ya kwana a gindinsa kuma kada a koma kwana a ciki sai magini ya duba shi.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya auna tsawo da faɗin rufin gidansa da taku, a ɗauki babban taku ɗaya a matsayin mita 1, ya lissafa jarka nawa za su zubo idan aka yi ruwan milimita 50. Sannan ya zana taswirar layinsu a takarda, ya nuna inda kwata ta bi, da kwalbatin da ya toshe, da hanyar da iyalinsa za su bi zuwa tudu da dare, ya rubuta sunan tudun da hannunsa ya kawo ranar Asabar.