Kafin ka ajiye aikin dare

Ɗan'uwa mai gadi ko mai aikin gidan mai a Sakkwato, ɗauki biro tukuna. Cire kuɗin kabu-kabu na wata daga albashinka, musamman na dare, tunda daga Arkilla zuwa Mabera bayan ƙarfe goma sai abin da mai babur ya yanka maka. Cire abincin waje da maganin ciwon kai. Ragowar ita ce albashinka na gaskiya.

In tafiyar ce, don Allah kada ka ɓace kawai, a nan ake cinye wa mutane kuɗin wata. Rubuta takardar barin aiki, ka riƙe kwafi. Dokar ƙwadago ta tanadi sanarwar mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba.